Kek Mai Sanyi a Ɗakin Jego

Talata, bayan la'asar

Bismillahi. Wannan littafin makaranta ne, cikin waɗanda Malama Harira ta raba mana a ajin matan aure, kuma shafukansa da yawa ban cike ba. Na ce bari in riƙa zuba abin da ke cikina a nan, tunda duk wanda zan faɗa wa a gidan nan nauyi zan ƙara masa. Sai da na shekara arba'in da shida na fara riƙe biro, don haka rubutuna a hankali yake tafiya.

Jiya aka sallamo mu daga asibiti. Mun tafi da akwatin kayan jariri, mun dawo da shi ba a buɗe ba. Malam, maigidana, ya ɗora shi a kan durowa a ɗakinsa ya rufa masa darduma. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Atika tana da rai. Shi nake ta maimaita wa kaina. Leda uku ta jini aka ƙara mata, biyu daga abokan mijinta Ubaidullah, waɗanda suka bar aikinsu a gareji suka zo da baƙin mai a riga. Ko sunayensu ban sani ba. Allah Ya saka musu da alheri, Ya raya musu nasu.

'Yata ce ta fari, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Ga shi na rubuta shi a takarda kuma babu abin da ya same ni. Saboda wannan kunyar ce Yaya Talatu, yayar Malam, ta taso daga Zariya don ta yi mata wankan jego. Ita ta yaye ta, ita ke da iko da ita. Ni nawa hura wuta da dafa ruwa.

Abin da ya dame ni ɗaya ne. Ba ta cin abinci. Yau kunun kanwa cokali uku ta sha, ta juya ta fuskanci bango. Ba ta kuka, ba ta magana. In an ce sannu sai ta ɗaga kai kawai.

Alhamis, hantsi

Yau kwana bakwai. Babu rago a ɗaure a ƙofar gida. Mata sun zo, sun zauna shiru, sun ce Allah Ya sa mai ceto ne, sun tafi. Na gode musu, duk layinmu na Rafin Guza babu gidan da bai aiko ba.

Rigarta tana jiƙewa ta gaba. Ina canja mata, ba na cewa komai, ita ma ba ta cewa.

Juma'a, bayan azahar

Farfesun kaza ya koma tukunya yadda ya fito.

Lahadi, da yamma

Ana ta ruwa tun safe. Ubaidullah ya zo a jiƙe da jakar kayanta daga gidansu na Malali. Kullum yana zuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon ƙasa. Yaron kirki ne, shi ma ya rame.

Yau na cire kunya na tambaye shi, na ce a gidanku me take ci in ta ƙi komai?

Ya ce, "Inna, a watan ƙarshen nan babu abin da ke zama mata sai wani kek da take yi, mai sanyi, na na'ana'a da cakulan. Ba a gasa shi, a firiza yake daskarewa. Yana cikin littafinta, shafin da ta naɗe."

Sana'arta ke nan, kek take yi wa masu biki. Da ya tafi na zaro littafin daga jakar. Duk ya sha maiƙo, yana ƙamshin bota. Na sa shi a ƙarƙashin katifata kamar na sato.

Abin sanyi ga maijego, kuma da damina. Ni da na yi jego bakwai, ko ruwan randa ban taɓa sha ba sai na yi arba'in. Yaya Talatu kuwa ko tagar ɗakin ba ta bari a buɗe.

Litinin, bayan la'asar

Mun koma asibiti ganin likita, ni da ita da Ubaidullah. Yaya Talatu ta tsaya dafa ganyen wanka.

Likitar mace ce, yarinya, mai magana a hankali. Ta ɗora ta a kan ma'auni, ta duba takarda, ta sake dubawa. Ta ce jinin da aka ƙara ba zai riƙe ta ba in ba ta ci. Ta ba mu kwana goma, Alhamis ta sama. In ta dawo ta ƙara raguwa, za su sake kwantar da ita.

Da aka ce kwantarwa, Atika ta damƙe min hannu har farcenta ya shige ni. Ɗakin da za a mayar da ita na masu haihuwa ne, kowane gado da jaririnsa a gefe. Na san abin da take tsoro, ni ma shi nake tsoro.

Da suka fita na koma ciki kamar na manta mayafi. Na ce, "Likita, don Allah, abin sanyi yana yi wa maijego illa?"

Ta ce, "Mama, rashin ci ne ke yi mata illa yanzu. Duk abin da ranta ya karɓa, mai tsabta, ku ba ta. Kanwar ce ma nake so a rage."

Na yi godiya. Maganar kanwa ban san ta inda zan kai wa Yaya Talatu ba, na bar wa Malam.

Talata, da safe

Na karanta shafin. Sau huɗu na bi shi da yatsa. Allah Ya yi wa Malama Harira albarka, ba don ita ba da sai dai in riƙe littafin 'yata ina kallo kamar zanen tabarma. Da Hausa ta rubuta yawancinsa, yadda take magana. Kalmomin da suka gagare ni na shiga da su gidan Habiba maƙwabciyarmu, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, don ita ta yi sakandare, kuma ita ke da firiza a layin nan.

Bari in kwafe a nan don kada littafin ya yi ta yawo:

Baƙin biskit mai farin kirim a tsakiya, guda ashirin da huɗu na ƙasa, goma na ciki. Bota cokali biyar, a narkar. Kirim ciz kwali biyu, a bar shi ya saki. Aisin suga kofi ɗaya. Wifin kirim kofi ɗaya da rabi, mai sanyi sosai. Filebon na'ana'a rabin ƙaramin cokali. Koren kala ɗigo uku. A firiza awa shida ko ya kwana.

Habiba ta ce kirim ciz wani farin cuku ne mai laushi kamar man shanu, aisin suga garin sukari ne mai laushi, wifin kirim kuma madara ce mai kauri da ake bugawa ta tashi. Na ce to a ina wuta za ta shigo?

Ta ce, "Yaya Balaraba, ba ya ganin wuta."

Na ce, "Abin da bai ga wuta ba shi zan ba marar lafiya?"

Ta yi dariya ta ce, "Ai botar za ki narkar. Ki ɗauka ita ce ta wakilci sauran."

Talata, kafin magariba

Mun je wani babban kanti a Doka ni da Habiba. Na ce wa Yaya Talatu cefane za ni, kuma ban yi ƙarya ba. Sanyin kantin har cikin ƙashi. Habiba ta yi ta ɗaukowa tana karantawa, ni ina tura kwando ina addu'a. Kayan suna gidanta.

Atika ta sha rabin kofin shayi. Alhamdulillahi da rabin.

Laraba, bayan azahar

Na ɓata.

Littafin ya ce a marmashe biskit ya zama gari. Ni kuwa abin da na sani na marmashewa shi ne turmi. Na wanke ƙaramin turmina tas, na shanya, na ɗauka a zane na shiga da shi gidan Habiba. Na daka biskit ɗin ya yi luƙui, har ina jin daɗin aikina. Na zuba bota na cakuɗa, na danne a gwangwani. Habiba ta dawo daga raka mai sayen ƙanƙara, ta lakata ta kai baki. Sai na ga ta rufe ido.

Ta ce, "Wannan turmin shekararsa nawa?"

Na ce, "Da shi aka kawo ni gidan nan."

Ta ce, "To duk attaruhun da kika daka tun kina amarya ya fito gaishe mu. Har daddawa ta zo."

Na ɗanɗana. Gaskiyarta. Na zauna a kan buhun gishirinta sai ga hawaye. Ba don biskit ba ne, ita ma ta sani. Ta bar ni na yi, ba ta ce min in yi haƙuri ba. Da na gama ta ce Allah Ya taimake mu ƙasan kawai na haɗa, sauran kayan suna nan lafiya, biskit kuwa akwai shi a shagon bakin titi.

Allah Ya ba kowa maƙwabciya irin Habiba.

Alhamis, bayan la'asar

Yau na yi shi, yana firiza.

A leda muka zuba biskit ɗin, na murje shi da kwalba. Na narkar da bota a murfin tukunya, na cakuɗa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, na danne shi a gwangwanin da gindin kofi. Muka sa a firiza ya kama jikinsa.

Kirim ciz da aisin suga na juya da cokalin katako har gudajin suka mutu. Da na buɗe 'yar kwalbar na'ana'a hannuna ya yi rawa, ina jin abin da ya zuba ya fi rabin cokali. Kala ɗigo uku, sai ga shi ya koma launin ɗanyen ganyen latas.

Bugun wifin kirim ne aiki. Atika da inji take yi, injin yana Malali, kuma ban so in aiki Ubaidullah kada magana ta fita. Na sayi sabon maburgi, don na koyi darasi. Habiba ta ɗora kwanon a kan ƙanƙara, na yi ta murzawa da tafin hannu kamar mai burga miya. Na yi salati ya fi ɗari biyu. Ina cewa ba zai yi ba, sai na ji ya fara nauyi, ya tashi fari, na ɗaga maburgin ya tsaya da tsini bai faɗi ba. Habiba ta yi guɗa a hankali don kada a ji ta katanga.

A wurin haɗawa Atika ta rubuta, "a hankali, kamar kina juya jariri." Na rufe littafin na ɗan fita tsakar gida.

Da na dawo na haɗa su a hankali, na kakkarya biskit goma a ciki, na juye a kan na ƙasan, na shafe samansa, muka rufe da leda. An ɗauke wuta bayan awa biyu, Habiba ta tayar da janareta. Na ce ta bari. Ta ce, "Ƙanƙarata nake ceto, ke wa ya sa da ke?" Alhali na san da rana ba ta tayarwa.

Saura kwana bakwai.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ban san yadda zan rubuta ba.

Yaya Talatu ta tafi Malali gaishe da wata ƙawarta. Na shiga gidan Habiba, muka tsoma wuƙa a ruwan zafi muka yanka. Ya yi kyau, kore da baƙi, ya tsaya da kansa. Na rufo shi da mayafi na shigo ɗakin Atika.

Na ce, "Ke, tashi ki ga."

Ta juyo. Ƙamshin ne ya fara kai mata. Ta dubi farantin, ta daɗe tana dubansa. Sai ta yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakin mutum ba, ta dunƙule a kan gado tana kuka, tana cewa, "Ɗauke, Inna, ɗauke." Na tura farantin ƙarƙashin gado na riƙe ta. Rabon da in rungume ta tun tana goye. Ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Ubaidullah ya iso ana cikin haka, ya tsaya a zaure. Da na fita na faɗa masa, sai ya dafe kai.

Ya ce, "Inna, ki yafe min, rabin magana na faɗa miki. Shi ta shirya za ta raba wa mata ranar suna. Gwadawa take ta yi, shi ya sa kullum akwai shi a gida. Bakina ne ya kasa faɗa."

Na ce babu komai. Me zan ce masa?

Da hannuna na kai mata.

Juma'a, bayan magariba

Ya Allah, Ka san niyyata.

Asabar, hantsi

Na manta da farantin. Yaya Talatu ce ta jawo shi da tsintsiya da safe, ya narke ya zama koren ruwa, kiyashi sun kewaye shi. Ta fito da shi tsakar gida a tafin hannu.

"Balaraba! Zo nan. Wannan sabulun wa ya kai ƙarƙashin gadon 'yata?"

Na ce, "Ba sabulu ba ne, Yaya. Kek ne."

"Kek ɗin da ke gudu a faranti?"

Na faɗa mata komai, har firiza, har maganar likita. Ta ajiye farantin ta riƙe ƙugu.

"Ƙanƙara! Ga maijegon da ba ta yi kwana ashirin ba! Ni ina nan safe da yamma ina ƙona hannuna a tafasasshen ruwa ina korar sanyi, ke kina zagayawa kina shigo da shi a mayafi. Wannan bokon da kika yi da furfura a ka, abin da ya koya miki ke nan? Likitar nan haihuwa nawa ta yi? Ni na yi tara!"

Na ce, "Yaya, ba ta ci."

"Na ce miki ban gani ba ne? Kin ɗauka ni barci nake yi?"

Sai ta zauna a kan kujerar tsugunno, ta goge fuska da bakin zane. Can ta ce, "Jiya da na dawo na ga idonta a kumbure, ta yi barci tun magariba har aka kira asuba, ko juyi ba ta yi ba. Na ce wa ya taɓa ta? Ashe ke ce. Kukan nan shi nake jira tun ranar da na zo. Amma sanyi dai, ban yarda ba."

Muna nan sai muka ji daga ɗaki, "Gwaggo."

Yaya Talatu ta miƙe har tana tuntuɓe. "Na'am, 'yar nan."

"Ki bar ta." Muryar a shaƙe. Sannan ta ce, "Wa ya buga mata kirim ɗin?"

Na ce daga bakin ƙofa, "Ni ce. Da maburgi."

"Na miyar kuka?"

"Sabo na saya."

Sai muka ji wani ɗan sauti, ba dariya ba ce sosai, amma 'yar'uwarta ce. Ta ce, "A ajiye min sauran."

Yaya Talatu ta dube ni, na dubi ƙasa.

Lahadi, bayan azahar

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Ta ci.

Yaya Talatu ce ta gindaya sharaɗi. Sai rana ta fito sosai, sai a tsakar gida, sai da safa da rigar sanyin Malam, kuma ana haɗiye na ƙarshe a bi shi da shayi mai citta da kanumfari. Muka yi ta leƙen sama tun safe kamar masu neman wata. Wajen sha ɗaya hadari ya washe.

Tun da muka dawo yau ne Atika ta fara fitowa ba don wanka ko zuwa asibiti ba. Ta zauna a tabarma a cikin rigar babanta, hannun rigar ya rufe mata yatsu. Yaya Talatu ta tsaya a kanta da filas kamar mai gadi. Ni na koma gindin murhu ina yi kamar ina tsince shinkafa.

Ta yanko da gefen cokali, ta riƙe shi a baki ta rufe ido. Hawaye suna zuba, tana ci. Ba wanda ya ce ta daina ko ɗaya daga ciki.

Ta ce, "Inna, ƙasan ya yi kauri. Na'ana'ar kuma ta yi yawa, kamar man goge baki."

Na ce, "Hannuna ne ya yi rawa."

Ta ce, "Amma kirim ɗin ya bugu."

Ta cinye yankan. Ta sha shayin ma, don Yaya Talatu ta kafa mata kofin a baki. Daga nan ta ce, tana kallon farantin, "Mata sittin na lissafa. Na so kowa ta ci ta ce wa ya yi." Can ta ƙara da cewa, "Yaron ya yi gashi, Gwaggo. Kin gan shi?"

Yaya Talatu ta ce, "Na gan shi. Gashin babanki ne, kafin sanƙo ya cinye."

Malam yana zaure yana ɗinki, na ji keken ya tsaya. Bai sake tashi ba sai la'asar.

Litinin, da yamma

Yaya Talatu ta mayar da abin ciniki. Yanka ɗaya na kek, kwano ɗaya na farfesu, kuma farfesun ne a gaba. Atika ta ce rabin kwano. Suka yi ta ja kamar a kasuwa, aka tsaya a rabin kwano da tsoka biyu. Kanwa kuma an rage, Malam ya yi magana, ta ce dama ita ma ta ga ta yi yawa.

Talata, bayan la'asar

Yau ba ta ci komai ba. Wani gida a bayanmu ana suna, ana jin guɗa. Na rufe taga, na buɗe rediyo. Ko kek ɗin ba ta duba ba.

Saura kwana biyu. Na gode wa Allah da jiya da shekaranjiya, ina roƙon gobe.

Laraba, kafin magariba

Da safe ta ce a kira Habiba. Ta ce tana so a yi wani, babba, a raba wa matan da suka zo mata jaje, sadaka. Ubaidullah ya kawo injin da kayan haɗi, amma babu wuta, sai aka koma wa maburgi.

Tana zaune a tabarma tana ba da umarni. "Inna, danna gefen. A'a, da gindin kofi. Kawo kwalbar nan, ni zan ɗiga." Hannuna ya gaji a bugu, Yaya Talatu ta ture ni ta ce, "Matsa, ke ko fura ba ki iya damawa ba." Ta karɓa ta murza, nan da nan ya tashi. Ta lakata ta ɗanɗana a ɓoye, ta ɗauka ban gani ba. Habiba ta ce, "Gwaggo, a kawo miki safa?" Ta ce, "Ke, 'yar ƙanƙara, kama bakinki."

Muna aiki Atika tana tsintar gutsattsarin biskit. Da rana ta ci tuwo loma bakwai da miyar kuɓewa, ba tare da an yi ciniki ba.

Gobe ne. Na wanke mata kaya, na kuma haɗa jakar kwana na ɓoye a bayan ƙofa, ko da za a ce mu zauna. Allah Ya sa in kwance ta da hannuna.

Alhamis, bayan la'asar

Mun dawo gida, dukanmu.

Ta hau ma'aunin, ni na kasa kallo, sai fuskar likitar nake duba. Ta ce ba ta ƙaru da wani abin kirki ba, amma ba ta ragu ba, kuma cikin idonta ya fara ja, alamar jini yana dawowa. Ta tambaye ta me take ci. Atika ta ce, "Kek ɗin Inna." Likitar ta dube ni ta yi murmushi, ta ce a ci gaba, a haɗa da ƙwai da ganye da hanta, mu dawo bayan sati biyu. Ta ce mata kuma in baƙin cikin ya yi nauyi kada ta riƙe shi ita kaɗai, ta zo su yi magana.

Na yi ta godiya har Ubaidullah ya ce, "Inna, akwai masu jira."

Muka hau keke napep, ita a tsakiya. An yi yayyafi an ɗauke. Mun kusa shiga layinmu, wajen da mata ke gasa masara a bakin titi, hayaƙin ya bugo mu. Sai ta dafa min gwiwa.

Ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Na daka wa mai keken tsawa ya tsaya, har ya taka birki da ƙarfi ya juyo yana tambaya me ya faɗi. Ban amsa masa ba, na riga na sauka, takalmina ɗaya a cikin keken, ina tsallaka kwata.